Makarantar da Ake Sharewa Kafin Iyaye Su Zo

Gwaggo, ki taimake ni da shawara, don na kai inda idan ban faɗa wa wani ba zan faɗa wa wanda bai kamata ba, kuma da irin bakina ba za a kwashe lafiya ba. Ina kiranki Gwaggo ne saboda haka kowa ke kiranki a filin nan, amma ba mamaki na girme ki. Shekarata arba'in da tara. Na yi shekara goma sha huɗu ina koyarwa a firamare kafin na ajiye, na buɗe 'yar makarantar ƙananan yara, 'yan shekara biyu da rabi zuwa biyar, a ɗakuna biyu na gaban gidan mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Bana shekararta goma sha ɗaya. Akwai lokacin da yara talatin da shida ke cikinta, har ina mayar da wasu. Yau goma sha uku ne, biyu daga ciki kuma jikokin ƙanwar mahaifiyata ne, waɗanda ko tsalle kaɗai nake koya musu ba za a cire su ba saboda kunya.

Ga abin da ya sa na rubuto. Gidan namu ne mu uku, ni da yayana da ƙanwarmu da ke aure nesa. Ɗakunan da makarantar take ciki suna kallon titi. Watan jiya yayana ya zo da wani magini ana tsakar karatu, suka auna bangon daga waje. Ta taga nake jin ƙarar tef ɗin awo yana komawa gidansa, yara suna tambayata wane ne. Bayan an tashi ya shigo ya zauna kan kujerar yara, gwiwoyinsa har kusa da haɓarsa, ya yi mini bayani a natse, yadda ya saba tun muna ƙanana idan zai ƙwace mini abu. Ya ce ɗakunan nan shaguna ne a kwance, ya ce ƙanwarmu ta yarda, ya ce shi ba ya son a ce ya tashi 'yar'uwarsa. Sannan ya ce: "Ki cika yara ashirin da biyar kafin a shiga sabon zango, ba zan sake tayar da maganar ba. Idan ba su cika ba, ke ma kin san gaskiya." Saura mako tara.

Ba ni da inda zan kai ta. Ni da maigidana a hawa na biyu muke, ɗaki biyu da falo, matakalar ko babba sai ya dafa bango. Haya kuwa, da yara goma sha uku, kada ma mu ɓata bakinmu. Ga mataimakiyata, wadda ta yi shekara tara tare da ni, mijinta ya rasu, da aikin nan take riƙe 'ya'yanta. Na lura kwanan nan tebur ɗaya take gogewa sau uku. Ni kaina idan aka rufe wurin nan ban san me zan yi da raina ba. Ba zan koma in tsaya gaban yara tamanin da guntun alli ba, kuma ba zan iya zaman gida ina jiran maigida ya dawo in ba shi labarin abin da maƙwabta suka yi ba. Kullum da safe ni ke buɗe ƙofar nan da makullina, amma ji nake kamar ni aka kulle.

Kin san abin da ya kwashe mini yara? Shekara uku da suka wuce aka buɗe wata makaranta a ƙarshen layinmu. Ba zan ambaci sunanta ba, sunan ma ya fi ginin tsawo. Get mai fenti kala huɗu, lasifika da safe, yara cikin taye kamar za su neman aiki a banki. Ɗan shekara uku yana tafe yana rangaji da jaka mai littafi shida, kullum da aikin gida shafi biyu. Wata maƙwabciyarmu ta nuna mini littafin ɗanta tana alfahari. Gwaggo, rubutun ya fi nawa kyau. Har da 'yar lanƙwasar da uwar take yi wa wutsiyar harafi, wadda na sani tun tana cike mini fom ɗin babban ɗanta. Ita ta yi, malamar ta san ita ta yi, ta sa jan biro ta yaba, uban ya duba ya ji daɗi, yaron kuwa yana ƙarƙashin tebur yana tauna murfin biro. Kowa ya gamsu. Wai ci gaba kenan.

Ni ba haka nake yi ba, kuma ba da ka nake yi ba. Na karanta abin da masana suka rubuta kan ƙananan yara har idona ya nemi gilashi, na kuma gani a aji ɗaya, shekara da shekaru, yadda yaron da aka tilasta wa biro tun yatsunsa ba su yi ƙwari ba yake zuwa ya riga ya tsani takarda. A wurina yaro da murafun kwalba yake ƙirga, yana ware su kala-kala. Yana zuba ruwa daga jug zuwa kofi har ya daina zubarwa. Yana sa maɓalli, yana riƙe almakashi, yana zana harafi da yatsa a tiren yashi, ya goge ya sake ba wanda ya ja masa jan layi. Muna da bokitin yumɓu guda. Kowane yaro yana da gwangwanin madara da ya shuka wake a ciki, an jera su a taga, shi ke ba nasa ruwa. Kullum akwai labari, kuma ba ni kaɗai ke bayarwa ba.

Ina da tsari kuma, ba kara-zube nake ba. Iyaye a bakin ƙofa suke tsayawa, safe da rana. Na kafa dokar ne tun shekarar farko, da na ga idan uwa ɗaya ta shigo ta tsaya tana lallashi wai yanzu za ta dawo, sai aji duka ya kama kuka. Daga ranar ba wanda ya sake wuce dokin ƙofa, kuka kuma ya ƙare. Ƙarfe sha ɗaya da rabi muke tattarawa. Duk abin da aka gina da yumɓu a murƙushe shi a mayar bokiti a rufe da jiƙaƙƙen tsumma don gobe, murafu su koma mazubinsu, a baje yashi, a goge allo, a wanke hannu da fuska, a kakkaɓe riga, a share ɗakuna tas. Sha biyu daidai yara suna zaune a jere kan benci a baranda, kowa da jakarsa, sannan in buɗe. Mahaifiyarmu ta horar da mu ba a barin baƙo ya tarar da wuri a hargitse, kuma shekara goma sha ɗaya ba uwar da ta taɓa karɓar ɗanta da datti a hannuna. Ko ɗaya.

Kuɗin talla ba ni da su, shi ya sa nake neman hanyar da ba a biya. Kada ki ce ban gwada ba. Na rubuta sanarwa da hannuna har guda ashirin, na bi turakun lantarki na manna. Kwana biyu aka liƙa tallar maganin basir a kai, lambar wayata kaɗai ta leƙo ta ƙasa, kuma ba sai na gaya miki irin kiran da na sha ba. 'Yata ta buɗe mini guruf na iyaye a waya. Na zauna na rubuta musu bayani mai kyau kan yadda ƙwaƙwalwar yaro ke girma, kashi uku. Mace ɗaya ta turo hoton babban yatsa, wata ta tambaya ko akwai wanda ya san mai gyaran firji. 'Yar tawa ta ce ai bidiyo ake yi yanzu. Na ce ba zan watsa fuskokin 'ya'yan mutane a duniya ba, sai muka bari aka tashi, aka share, ta ɗauki ɗakunan. Da ta kalla ta ce wannan kamar kujeru nake sayarwa. Na je bakin asibitin unguwa ranar rigakafi da takardu a hannu. Na miƙa wa mata huɗu, ta biyar ta karɓa ta shiga yi wa jaririnta fifita da ita, na juyo gida.

Amma abin da ke cina, wanda ko maigidana ban faɗa wa ba, maganar wata yarinya ce da muke kira Mai Shiru. Uwarta tela ce, a bayan layinmu shagonta yake. An kawo ta tana shekara uku, ta yi wata huɗu ba ta ce uffan ba, a gida ma an ce sai dai ta nuna da hannu. Ban matsa mata ba. Na ba ta gwangwaninta na ƙyale ta. Wata Talata ina gyara tiren yashi sai na ji muryar da ban sani ba a bayana. Ita ce, ta yi ɗage ta kai bakinta kusa da ganyen waken, tana cewa: "Ka sha ruwa, ka ji? Kada ka yi kuka." Mataimakiyata sai da ta fita baranda ta share ido. Daga ranar baki ya fara buɗewa a hankali, da waken da mu, ko da yake a gida ba ta soma ba tukuna. Ranar Alhamis ta gina uwarta da yumɓu, zaune gaban keken ɗinki, har da ƙafa kan abin takawa. Na daɗe ban ga abu mai kyau kamarsa ba. Sha ɗaya da rabi ta yi, ya koma bokiti tare da sauran. Na ce a raina zan ba uwar labari a ƙarshen zango, a zaune, yadda ya kamata, ba a tsaye a bakin ƙofa ana ture-ture ba.

Bayan mako biyu uwar ta zo ɗaukarta, ta tsaya tana murza bakin mayafi, ta ce za su mayar da ita waccan makarantar. Ta ce kullum uban sai ya buɗe jakar ya tarar da kwanon abinci da gorar ruwa, ya tambaye ta me ake koya wa yarinyar, ita kuma ba ta da amsa. Ta ce: "Malama, ba raini ba ne. Ni dai zango biyu ban ga komai ba." A nan ne ya kamata in ba ta labarin waken. Amma raina ya riga ya ɓaci, ita ce ta tara da ta gaya mini haka a bana. Na ce mata idan takarda suke son gani, ga mai fotokofi can a bakin titi, ya fi ni sauri. A gaban wasu iyaye na faɗa. Ta kama hannun 'yarta suka tafi, yarinyar tana waiwaye. Rabin matan unguwar nan wurinta suke kai ɗinki, kuma ba mai zama a shagon tela baki a rufe. Kafin wata ya ƙare an cire uku. Waken yana nan, ni ke ba shi ruwa, har ya fara kama ƙarfen taga.

Yanzu mataimakiyata ta ce, cikin ladabi, ko mu ma mu sayo littattafai mu fara ba da aikin gida, ko na zango ɗaya ne, har a wuce wannan gaɓar. Maigidana ya ce in je in ba yayana haƙuri, kamar wani laifi na yi masa. 'Yata ta ce in rage faɗa. Idan na bi ta mataimakiyata na zama abin da na bar firamare saboda shi. Idan na tsaya a kan bakana, magini zai fasa tagar da waken yake. Ina fushi da yayana, ina fushi da iyayen da ba sa bambance ilimi da nauyin jaka, ina fushi da masu lasifika, idan na gama zagayen kuma sai fushin ya dawo kaina ya zauna. Ki gaya mini yadda zan sanar da iyaye abin da nake yi, ba da kuɗi ba, ba da ƙarya ba, cikin mako tara. Yara goma sha biyu nake nema. Don Allah kada ki ce in yi haƙuri, an riga an ba ni wanda zai ishe ni har tsufa.

Malama mai ɗakuna biyu

Malama, sannu da ƙoƙari. Ba zan ce ki yi haƙuri ba, mako tara na aiki ne. Kuma tunda ba ki tauna magana, ni ma ba zan tauna miki ba.

Na karanta wasiƙarki sau biyu. A karo na biyu na tsaya a bakin ƙofarki a matsayin uwa, na duba abin da idona zai gani. Da safe, ƙofa da hannun da ya karɓi ɗana. Da rana, benci, yaro fes kamar ba a taɓa shi ba, jaka yadda na rataya masa, bayansa ɗaki a share. Yau haka, gobe haka, har zango biyu. Telar nan gaskiya ta faɗa miki, ba ta ga komai ba. Ba wanda ya gani. Kina tambayata tallar da ba a biya, alhali yaranki suna ƙera miki ita kullum da hannuwansu, ke kuma sha ɗaya da rabi ki murƙushe ta ki rufe da tsumma. Ko yayanki, ki tuna, bayan an share ya shigo. Ɗakuna biyu ya gani babu kowa a ciki, kuma duk wanda ya ga haka a bakin titi shago zai hango.

Ina tare da ke kan yadda kike koyarwa, littafi shida a bayan ɗan shekara uku ni ma ba ya burge ni. Amma ki sassauta wa iyayen nan. Wanda ya miƙa miki abin da ya fi so a duniya, ya tafi ya yi awa huɗu bai san me ke faruwa ba, yana da hakkin ya tambaya. Bai karanta littattafan da kika karanta ba, kuma ba aikinsa ba ne. Masu lasifika sun gane abu ɗaya da ya wuce ki: uwa tana bukatar abin da za ta miƙa wa uba idan ya buɗe jaka. Su sun ba ta na bogi. Ke kina da na gaske, kin hana ta.

Saboda haka daga gobe tsintsiya ta jira. Dokar safe ki bar ta yadda take, tana da dalilinta. Amma sha biyu ki buɗe ƙofar nan gaba ɗaya, komai yana inda yara suka bar shi, kowane yaro ya ja hannun wanda ya zo ɗaukarsa ya kai shi ga gwangwaninsa, da abin da ya gina, da harafin da ya zana a yashi. Minti goma sha biyar ya isa. Ke kada ki yi bayani. Na san zai yi miki wuya, amma ki tsaya gefe ki bar yaron ya yi. Tattarawar ma a yi ta a gaban iyaye, su ga ɗan shekara uku yana mayar da kaya mazauninsu, abin da a gida aka kasa sa shi. Mahaifiyarku ta yi gaskiya, amma falo take nufi da baƙi. Waɗannan masu 'ya'yan ne.

Jaka kuma kada ta sake komawa gida da kwano da gora kaɗai. Ginin da yaro ya fi so a shanya shi a taga ya bushe ya tafi da abinsa, yumɓu ba gwal ba ne, za ki samo wani bokitin. Ƙarshen kowane mako ki sa 'yar takarda, layi biyu da rubutun hannunki: abin da ɗansu ya iya a wannan makon wanda bai iya ba a makon jiya, da wata magana da ya faɗa. Yara goma sha uku ne, ba zai ci miki awa ɗaya ba. Nan ne ma amsar mataimakiyarki take, don tana da rabin gaskiya. Ki ba da aikin gida, amma irin naki. Yau yaro ya ƙirga wa babansa cokulan gidan, gobe ya nemo jajayen abubuwa uku ya nuna wa mamarsa. Wannan aiki ne da uwa ba za ta iya yi masa a ɓoye ba, kuma uban da aka tsare aka ƙirga wa cokula ba zai sake tambayar me ake koyarwa ba.

Guruf ɗin nan ki daina yi masa lacca. Matar da ke karanta saƙonki da hannu ɗaya tana juya tukunya da ɗayan ba za ta bi ki har kashi uku ba. Kin yi daidai da kika ƙi watsa fuskoki. Ki ɗauki hannuwa: yatsu cikin yashi, hannu riƙe da almakashi, wake ranar da ya tsago. Ki tura wa kowace uwa hoton nata ɗan, ita kaɗai, da layi ɗaya. Ba sai kin roƙe ta ba, da kanta za ta ɗora a waya dangi da maƙwabta su gani. Maganar da uwa ta yi kan ɗanta ta fi sanarwa ashirin a turken lantarki, kuma ba mai liƙa mata maganin basir a kai.

Sannan kin manta da mutanen da kika tara. Shekara goma sha ɗaya, yara nawa suka wuce ta hannunki? Wasu yanzu suna sakandare, iyayensu suna nan cikin unguwa, ga ƙanne, ga jikoki, ga maƙwabta masu goyo. Ki zauna da mataimakiyarki ku tuno su gida-gida, ki kira su da kanki. Ki faɗi gaskiya ba tare da kuka ba, ba tare da zagin kowa ba: kina da gurbin yara goma sha biyu, za ki buɗe makaranta safiyar Asabar ta mako na uku, kowace ta zo da mace ɗaya mai ƙaramin yaro. Ranar ba jawabi, ba jera kujerun manya. A fito da yashi da ruwa da yumɓu, baƙin yara su yi wasa, kowane ya shuka wakensa a rubuta sunansa a jikin gwangwani, ya bar shi a tagarki ya riƙa zuwa dubawa. Za ki sha mamakin yadda ɗan shekara uku ke jan uwarsa zuwa inda ya bar abinsa. Ki gayyato ɗaya daga tsofaffin abokan aikinki masu koyar da aji ɗaya, wadda yaranki suka shiga hannunta, ta faɗa da bakinta yadda take samunsu. Asibitin ma ki koma, amma ki bar takardu a gida. Ki nemi izinin ma'aikatan, ki je da tabarma da littafin labari mai hotuna, ki tara yayyen jariran nan da suka gaji da zaman layi. Uwar da ta samu rabin awa ba a ja mata zane ba, ita za ta tambaye ki inda kike.

Kafin duk wannan akwai tafiyar da za ki yi, kuma ba ta talla ba ce. Ki warware waken Mai Shiru daga ƙarfen taga a hankali, ki ɗauki gwangwanin ki je shagon uwarta. Abin da kika faɗa mata bai dace ba, kin sani, shi ya sa kika ɓoye wa maigidanki. A gaban mutane kika faɗa, don haka idan kin tarar da masu kawo ɗinki a zaune kada ki jira su tashi. Ki ba ta haƙuri a gajarce, sannan ki gaya mata abin da 'yarta ta ce wa waken, yadda ta faɗe shi, ki gaya mata ta gina ta da yumɓu har da ƙafa kan keke. Labarin nan nata ne, kin riƙe mata shi da yawa. Kada ki ce ta dawo da yarinyar, ko da wasa. Ƙila ta dawo da ita, ƙila ba za ta dawo ba, wannan tsakaninta da mijinta ne. Ki ajiye gwangwanin ki taho.

Game da yayanki, ban ga mugu a wasiƙarki ba. Shi da ƙanwarku suna da rabo a ɗakunan nan, sun bar miki su shekara goma sha ɗaya, kuma da ya tashi bai zo da kwaɗo ya rufe ba, ya ba ki adadi da lokaci. Auna bango ana karatu bai kyauta ba, ki gaya masa haka sau ɗaya ki wuce wurin. Ki kira ƙanwar taku da kanki, kada ki tsaya kan an ce ta yarda. Shi kuma ki gayyace shi ranar Asabar ɗin, ki ba shi aikin zuba wa yara ruwa. Ba zan yaudare ki ba, yara goma sha biyu cikin mako tara ba ƙaramin abu ba ne, ana iya yin komai daidai a tsaya a ashirin. Shi ya sa kada ki jira ranar ƙarshe. A mako na shida ki je masa da sunayen da kika samu, ku yi magana kamar 'ya'yan mutum ɗaya: ko ya ƙara miki zango guda, ko ɗaki ɗaya ya zama shago, ɗaya da baranda su zauna makaranta. Wanda ya ga wuri yana cika da idonsa ya fi saurin saurare. Ki kuma gaya wa mataimakiyarki halin da ake ciki dalla-dalla, ta daina goge tebur sau uku ita kaɗai.

Fushinki ba na banza ba ne, shi ya riƙe wurin nan tsawon shekarun nan. Sai dai ya daɗe yana gadin ƙofa, ki canza masa aiki. Gobe idan sha ɗaya da rabi ta yi, hannunki zai nemi tsintsiya da kansa. Ki riƙe shi da ɗayan, ki bar ɗakin a hargitse, ki buɗe. Allah ya cika miki benci har ki rasa inda za ki zaunar da na ashirin da shida, ya sanyaya zuciyarki, ya bar ku da yayanki cikin zumunci.

Gwaggo